Na'urar da ke Shinshino Cuta a Cikin Gini

A watan Yulin 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke Filadelfiya. Bayan an watse, zazzaɓi da ciwon huhu suka kwantar da kusan mutum 200, kimanin 30 suka rasu. Sai a Janairun 1977 masana suka gano sanadin: ƙwayar Legionella, wadda ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi, na'urorin sanyaya gini kuma su watsa ta cikin iska.

Har yau jinkiri ne babbar matsalar. A ɗebi ruwan tanki, a kai ɗakin gwaji, a zauna jiran ƙwayar ta tsiro. Kwana 10 na iya shuɗewa, masu shiga da fita kuwa suna ta shaƙa.

Wannan jiran ne fasahar nano ke son gajartawa. In aka raba mita gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi kansa ya kai nanomita wajen 80,000. Masana kan ƙera siririyar waya ta silikon, su manna mata sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya cafkar komai sai ƙwayar da ake nema. Tsabar ƙanƙantar wayar, da ƙwaya guda ta maƙale mata sai wutar da ke bi ta cikinta ta sauya, kwamfuta ta ankara nan take. A 2004 Charles Lieber da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka gano ƙwayar mura ƙwaya ɗaya tal ta wannan hanya. A 2023 kuma masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka haɗa na'urar da ke zuƙar iskar ɗaki, ta gano ƙwayar korona cikin minti biyar.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu: jan layin da ke fitowa a yawancin gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro ɓurɓushin zinariya ne mai girman nano.

Sai dai gini ba ɗakin gwaji ba ne. Ƙura na toshe na'urar, zafi na lalata sinadarin, kuma ba kullum take bambance matacciyar ƙwaya da mai rai ba. Ƙararrawar da ta yawaita kukan ƙarya, ma'aikata kashe ta za su yi. Shi ya sa nake ganin asibitoci suka fi cancanta a fara da su, musamman ɗakunan masu dashen ƙoda da masu fama da cutar daji, waɗanda garkuwar jikinsu ba za ta jure jiran kwana 10 ba.