Wa ya sari daji? Asalin gidan manomi daga kaka har tattaɓa-kunne

Ƴan uwa manoma, in rikicin gona ya kai gaban maigari ko sarki, tambayar farko ita ce: wa ya sari dajin nan? Wanda ya iya jera kakanninsa har zuwa ga mai gatarin farko, ya riƙe rabin shari'a. Wanda ya kasa, ko da gaskiya gare shi, yakan koma gida da ɓacin rai. Don haka yau za mu bi sawun gidan manomi na ƙasar Maraɗi, daga kaka har tattaɓa-kunne. Ba mu kama sunan kowa ba, gama labarin gidaje da yawa ne. Kowa ya karanta, ya aza sunayen nasa.

Mai gatari

Bayan da Katsina ta faɗa hannun mutanen Shehu a 1807, Sarkin Katsina Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836. Zamanin yaƙi ne da hari. Mutane suna matse bakin gulbi da cikin garuruwa masu kafi. Jigawar arewa kuwa daji ce, sai maharba da makiyaya.

Da Nasara suka kama ƙasa a farkon shekarun 1900, hari ya kwanta. Sai magidanta suka fara ficewa neman sabuwar ƙasa, wasu kuma suna gudun lanho da aikin tilas. Mutum ya sanar da sarki, ya ɗauki ƙannensa da matansa, ya shiga daji. Aikinsa na farko gina rijiya, na biyu sassabe. Shi ya sa har yau ake jin sunayen ƙauyuka kamar Gidan Wane, Garin Wane, Rijiyar Wane. Sau da yawa maigari daga zuriyarsa yake fitowa.

In baƙo ya zo daga baya, mai gatari ya nuna masa inda zai noma. Wani kyauta aka ba shi, wani aro. Mai aro yakan kai dami kowace kaka, don a san gonar da mai ita. Duk da baki aka yi, ba takarda. Yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ta tarar da su nan. Wasu suka watse, wasu suka daure bakin rijiyarsu.

Ɗiyan mai gatari

Su ne mutanen gandu. Maigida guda, rumbun gida guda. Wasu ranaku na mako kowa yana gandu, sauran ranakun mata da samari su shiga gamanarsu. Fili ya wadata. In gona ta gaji, a bar ta sabra shekaru, a sari wata. Manomin da ya tara dami 1000 yakan yi bukin dubu, a naɗa shi sarkin noma. Fara ta cinye hatsi wajen 1931, amma gidan da ke da tsohon hatsi a rumbu ya tsallake. A zamaninsu ne gujiya ta bazu, domin da kuɗinta ake biyan lanho.

Jikoki

Su suka ga ƴancin ƙasa a 1960. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA mai sayen gujiya. Kuɗi suka shiga hannun samari, kowa ya so ya yi na kansa. Uba na rasuwa, sai a raba gandu. Daji kuma ya fara ƙarewa. Dokar 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne. Sai fari na 1973, sai cutar da ta kashe gujiya a 1975.

A 1974 shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi shela cewa gona ta mai nomanta ce. Masu aro da yawa suka daina kai dami. Masu gona kuma suka yi ta karɓe abin da kakansu ya ba da aro. Shari'u da dama nan tushensu yake.

Tattaɓa-kunne

Su yunwar 1984 ta tarar, wadda ake kira El Buhari. Wani ya jinginar da gona, ya tafi cin rani, bai dawo da kuɗin fansa ba. Wani ya sayar wa ɗan kasuwa. Sabra ta ƙare, burtali ya matse. A kudancin Maraɗi mata da yawa sun rasa gamana. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa.

Ga lissafi na misali. A ce mai gatari ya sari hekta 48, ya bar magada 4. Kowa ya sami 12. In kowannensu ya bar 3, jika ya sami 4. In jika ya bar 4, tattaɓa-kunne ya tashi da hekta 1. Shi ya sa yau ake faɗa a kan taki guda na iyaka.

Amma su ma sun yi abin yabo. Tun shekarun 1980 suka kama sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara cikin gona. Kakansu ya sare icce don ya sami gona, su kuwa suna rainon icce don gonar ta rayu.

Aikin mai biro

Dokar karkara ta 2 ga watan Maris 1993 ta yarda ana mallakar gona ta hanyar gargajiya, kamar yadda ake mallakarta da takarda. Ta kuma kafa kwamitin filaye, wanda ake kira COFO. Can ake neman takardar shaidar gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Amma kwamiti sai da shaidu yake aiki, shaidu kuwa tsofaffi ne, kullum suna raguwa.

To, ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga aikinku na rani. Ku sami littafi da biro, ku zauna gun tsofaffin gida, maza da mata, ku rubuta:

1. Sunan mai gatari, da garin da ya fito, da wanda ya ba shi izni.
2. Ɗiyansa da jikokinsa, kowa ƙarƙashin ubansa. Kada ku tsallake ɗiya mata, gama addini ya ba su rabonsu na gado.
3. Kowace gona da sunanta da iyakarta: gamba, ko tsamiya, ko tsohuwar rijiya, ko burtali.
4. Wadda ke hannun wani bisa aro ko jingina, da waɗanda suka shaida. Wadda ku kuka aro, ita ma ku faɗi gaskiya.

In tsoho bai san shekara ba, ku tambaye shi: kafin Kakalaba ne ko bayanta? Kafin ruwan 1945 da ya ci tsohon garin Maraɗi ne ko bayansa? Ku karanta abin da kuka rubuta gaban dangi da maƙwabtan gona, a gyara inda aka saɓa, sannan ku kai wa maigari da kwamiti.

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Kada jikanku ya rasa gonar kakansa don an rasa mai rubutawa. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.