Yajin Aiki a Ghana: Rabon Nima da Maamobi a Ciki

Tun daga shekarar 2022 yajin aiki ya zama ruwan dare a Ghana. Malaman jami'a ne suka fara a watan Janairu. A watan Yuli ƙungiyoyin malaman makaranta, GNAT da NAGRAT da takwarorinsu, suka ƙaurace wa azuzuwa suna neman ƙarin kashi 20 cikin ɗari saboda tsadar rayuwa, gwamnati ta sauko ta ba da kashi 15. Dalilin a fili yake. Darajar kuɗin ƙasar, sidi, ta zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disambar shekarar, albashi ya koma yana ƙarewa tun wata bai raba ba.

Gwamnati ta garzaya wurin asusun ba da lamuni na duniya, IMF, wanda ya amince mata da bashin dala biliyan 3 a watan Mayun 2023. Kafin a kai nan sai da aka tsuke bakin aljihu, aka kuma sake tsara bashin cikin gida. Ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya so ya haɗa har da kuɗin fansho. Ƙungiyoyin ƙwadago, da babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, TUC, a gaba ƙarƙashin Dakta Yaw Baah, suka sa ranar 27 ga Disambar 2022 domin yajin aikin gama-gari, gwamnati ta janye tun ranar ba ta zo ba. Haka aka sake yi a Yulin 2024, lokacin da hukumar fansho ta SSNIT ta fasa sayar da hannun jarinta na wasu otal-otal ga kamfanin wani minista. Duk wanda ya ce yajin aiki ba ya biyan buƙata, bai duba waɗannan ba.

To amma buƙatar wa yake biya? Mafi yawan mutanen Nima da Maamobi, unguwannin zango a Accra, ba 'yan albashi ba ne. Mahauta ne, da masu shayi, da teloli, da direbobin motocin haya na trotro, da mata masu sayar da koko da waakye. Fanshonsu adashi ne, wanda a nan ake kira susu. Ƙarin albashi ba ya shiga aljihunsu, amma raɗaɗin yajin a kansu yake sauka. Idan malamai suka tafi, ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, ɗan zango yana gararamba a lungu. Da ma'aikatan jinya na ƙungiyar GRNMA suka janye aiki a watan Yunin 2025, mai ciki da madogararta asibitin gwamnati ne, irin Babban Asibitin Maamobi, ita ce ta fi kowa shiga tsaka mai wuya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lamarin mata masu dafa abincin 'yan makaranta. A 2022 pesewa 97 ake biyansu a kan kowane yaro, ga bashin watanni da suke bin gwamnati. Sun ajiye tukwane a 2022, sun sake a 2023, daga bisani aka mayar da kuɗin sidi 1 da pesewa 20. Ba su da ƙarfin da zai girgiza gwamnati, yaran da suka rasa abincin rana kuwa 'ya'yan talakawa ne. Laifin ba na mai yajin ba ne. Na wanda ya fara yanka daga kwanon talaka ne, kamar yadda aka rushe ma'aikatar raya zanguna a 2021, shekara huɗu kacal da kafa ta.

Zumuncin ma'aikatan duniya ma yana da nasa giɓin. A Accra hedikwatar ƙungiyar haɗin kan ƙwadago ta Afirka, OATUU, take, reshen Afirka na ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ITUC, kuma yana Lome, nan kusa. Sanarwar goyon baya ba ta yankewa. Sai dai a Disambar 2022, lokacin da ma'aikatan jinyar Ingila suka shiga nasu yajin kan albashi da ƙarancin ma'aikata, asibitocinsu daga ƙasashe irin Ghana suke cike gurbi: a wannan shekarar kaɗai ma'aikatan jinyar Ghana fiye da 1,200 suka yi rajistar aiki a Birtaniya. Majalisar ma'aikatan jinya ta duniya, ICN, ta koka da wannan kwasa. Ba wanda zai zargi mai neman na kansa, amma kowace ƙwararriya da ta tafi, layin marasa lafiya a Maamobi ne yake ƙara tsawo.

TUC tana da reshe na masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, UNIWA. Ya kamata shugabanninta su shigo Nima su zauna da sarakunan zango da limamai da shugabannin kasuwa, kuma duk ranar da za a zauna da gwamnati, a ɗora kuɗin ciyar da ɗalibai da na inshorar lafiya a teburi ɗaya da albashi. Mu kuma mutanen zango, mu yi rajistar ƙungiyoyin sana'o'inmu, mu shiga a dama da mu.