Tartsatsin da Ke Riƙe da Jirgi a Sama

Zancenmu na kimiyya yau a kan ƙananan jiragen sama ne masu farfela guda, irin waɗanda a ke koyon tuƙi da su, da yadda makaniki ya ke gano cuta in wutar injinsu ta soma gardama.

Injin irin wannan jirgi ɗan'uwan na mota ne. Fetur da iska su kan gauraya cikin silinda, fistan ya matse su, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta. Amma mota in ta mutu sai a tura ta gefen hanya, jirgi kuwa ba shi da gefen hanya. Saboda haka a kan sa wa kowace silinda fulogi biyu, kowanne da mai ba shi wuta dabam.

Tun da daɗewa mai ba da wutar nan shi ne magnito, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irinsa mai ƙarfi a 1902. Shi ke haifar da wutarsa da kansa ta juyawar maganaɗisu, ba ruwansa da batir. Aibinsa shi ne lokacin tartsatsinsa ba ya sakewa: a injunan Lycoming da yawa, digiri 25 ne kafin fistan ya kai ƙarshen hawansa. Daga baya aka ƙago akwatin lantarki wanda ke auna saurin inji da ƙarfin iskar da ke shiga, ya gaggauta tartsatsi ko ya jinkirta shi gwargwadon bukata. Inji ya kan tashi da sauƙi, ya kuma rage shan mai. Sai dai galibinsu da batir su ka dogara, shi ya sa masu jirage da yawa su kan sa akwati a gefe guda, su bar magnito a ɗaya gefen.

Kafin tashi, matuƙi ya kan taka birki, ya ƙara wuta, ya kashe gefe ɗaya ya saurara, sa'an nan ɗayan. A jirgin Cessna 172S a kan yi gwajin nan a juyi 1,800 cikin minti guda; kada juyin ya ragu fiye da 150, kada kuma bambancin gefe biyun ya wuce 50.

To, in inji ya yi gargada a gefen akwati fa? Gwanin makaniki ba ya fara zargin akwatin, gama shi ne mafi tsada. Ya kan duba ma'aunin zafin hayaƙi na kowace silinda. Wadda zafinta ya faɗi, ita ce ba ta samun wuta. In guda ce, sai ya kwance fuloginta, domin darmar da ke cikin man jirgi ta kan taru a bakinsa, musamman fulogin ƙasa. Ya kan kuma mai da shi wata silinda. In cutar ta bi shi, laifinsa ne. In ta zauna inda ta ke, a duba wayarsa.

In silinda biyu su ka yi sanyi tare, wannan ishara ce zuwa ga kwayil, domin a akwatuna da yawa kwayil guda ke ciyad da silinda biyu, watau ta 1 da ta 2, ko ta 3 da ta 4. In kuwa gefen duka ke ɗaukewa yana dawowa, sai a auna batir, a bi wayar da ta haɗa akwatin da jikin inji ko ta yi tsatsa ko ta kwance, a duba ɗan ma'aunin da ke ƙirga juyawar inji, da siririn tiyon iska ko ya tsage. Abu ɗaya a ke sakewa, a gwada, kana a taɓa na biyu. Wanda ya sake uku gaba ɗaya, ko injin ya warke, bai san abin da ya warkad da shi ba.

Akwai kuma alama mai ruɗi. In an kashe gefe ɗaya juyi bai ragu ko kaɗan ba, wannan ba lafiya ba ce. Mai yiwuwa ne wayar da ke kashe magnito ta tsinke, ya zauna da ransa ko an zare makulli. Wanda ya juya farfela da hannu a wannan hali, inji na iya tashi ta sare shi.

Duk binciken nan a ƙasa a ke yinsa, jirgi na tsaye, gama ba a fafe gora ranar tafiya.