Mura a Lokacin Haihuwa: Kada a Raba Maijego da Jaririnta

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko Tamale da ƙurarsa, da wuya ka shiga gida a Gurugu ba ka ji mai tari ko atishawa ba. Babba kan yi mura mako guda ya warke. Amma idan ta kama mace mai tsohon ciki ko maijego, rai biyu ake dubawa.

Kafin haihuwa

Yawancin mura ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, irin su infuluwenza, korona da RSV. Maganin antibayotik ba ya kashe su. Da wuya ƙwayar ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki. Haɗarin yana wani wuri: idan ciki ya tsufa yakan matse huhu, saboda haka cutar kan fi yi wa mai ciki tsanani. Ciwo mai tsanani na iya tayar da naƙuda kafin lokaci, a haifi bakwaini wanda huhunsa bai ƙosa ba. Mai ciki da ta ji zazzaɓi ta je asibiti a ranar, a gwada jininta, domin zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa.

Bayan haihuwa

A nan ne jariri ya fi ɗauka, ta numfashi, tari, sumba da hannun da ba a wanke ba. Jinjiri ta hanci yake numfashi, hanyoyin iskarsa kuma ƙanana ne ƙwarai. Majinar da babba zai face ya wuce, shi tana iya hana shi shan nono, ko cutar ta gangara huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce RSV kaɗai na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a kowace shekara, kusan rabinsu ba su kai wata shida ba.

Nono kāriya ne

Wasu kan ce a ɗauke jariri daga uwa har ta warke. Wannan kuskure ne. Jikin uwa yana haɗa garkuwa a kan ƙwayar da ta kama ta, garkuwar kuma tana bin nono, musamman dakashi na kwanakin farko. Ko a 2020, shekarar da korona ta shigo Gana, shawarar likitoci ita ce uwa ta ci gaba da shayarwa. Wani bincike da aka fara a Bamako a 2011 ya nuna cewa allurar infuluwenza da aka yi wa masu ciki ta kāre jariransu a watannin farko.

Ke maijego, wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa shi. Rufe baki da hanci da takunkumi ko ƙyalle mai tsabta lokacin shayarwa. Sha ruwa da kunu sosai. Kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a shafa masa man zafi a hanci.

Maigida da kaka, aikinku ne tsaron ƙofa. Mai tari da ya zo barka ko suna, ya yi gaisuwarsa daga nesa. Addu'arsa za ta isa ko bai ɗauki jariri ba.

Alamomin da ba a kwana da su

A garzaya asibiti idan jariri:
- yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru;
- ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa sosai, ko yana nishi;
- ya ƙi kama nono, ko ba ya motsi sai an taɓa shi;
- jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau;
- leɓɓansa sun yi shuɗi, ko yana jijjiga.

Asibitin Koyarwa na Tamale yana da sashen kula da jarirai masu tsananin ciwo, kuma tun 2008 inshorar lafiya ta ƙasa ke ɗaukar nauyin awon ciki da haihuwa kyauta. Ko da tsakar dare ne, ko ba a yi suna ba, a nemi abin hawa a tafi. Jaririn da aka kawo da wuri shi ya fi samun sauƙi.