Abubuwan da ya kamata ka sani game da farashin kifin Tafkin Chadi, daga bakin ruwa zuwa tukunya

Uwargida a Kano tana ƙorafi cewa bandar tarwaɗa ta fi ƙarfin kuɗin cefane. Masunci a Doron Baga yana ƙorafi cewa abin da ya kwana a ruwa yana kamawa da ƙyar ya biya masa kuɗin man inji. Dukansu gaskiya suke faɗa. To ina kuɗin da ke tsakaninsu yake tafiya? A fahimtata amsar tana cikin tambaya ɗaya: a kowane mataki na cinikin, wa zai iya jira, wa kuma ba zai iya ba?

Daga ina kifin yake fitowa?

Ƙasashe huɗu ne ke kewaye da tafkin: Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwan. Abin da ya rage a wurare da dama fadama ce mai ciyayi, marar zurfi, shi ya sa tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure irin wannan ruwa, suka mamaye kasuwa. Ana tara kamu a wurare irin su Doron Baga a Borno da Darak a Kamaru, a banda shi, a ɗure a kwalaye, a kai Maiduguri. Daga can manyan motoci ke kwasa zuwa Kano, Abuja, Onitsha, Enugu, Ibadan da Legas.

Hannu nawa yake bi?

Da wuya kifi ya iso tukunya bai bi hannu biyar ko shida ba. Akwai masunci, da mai banda, da ɗan sarin bakin ruwa, da babban ɗan kasuwa mai lodin mota, da mai sari a kasuwar birni, sannan mai kasawa a tebur ko tire. A tsakiyarsu akwai fatoma, wato dillali mai masauki. Shi ke sauke baƙon ɗan kasuwa, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Mutane kan yi saurin cewa a kawar da dillalai kifi zai yi araha. Ban yarda ba. A kasuwar da babu banki kusa, babu takardar yarjejeniya, amanar fatoma ce ke sa mutumin Onitsha ya aiko da kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba.

Me ya sa masunci ke sayarwa da araha?

Nan ne zuciyar maganar. Ɗanyen kifi a zafin yankin tafkin ba ya wuce 'yan sa'o'i bai fara lalacewa ba, kuma babu ƙanƙara a tsibiran tafkin. Masunci bai da ikon ya ce albarka ya koma gida da kayansa kamar mai hatsi. Ko ya sallama yanzu, ko ya nemi itace ya banda, itacen kuma da kuɗi ake saye. Idan an banda, kifi kan rasa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa, don haka duk wanda ke kwatanta kuɗin ɗanye da na busasshe kai tsaye ya yi kuskuren lissafi tun daga tushe.

Sai kuma bashi. Kwale-kwale, inji, koma, ƙugiyoyi da gura duk jari ne da yawancin masunta ba su da shi. Ɗan kasuwa ne ke saya musu, har ya ba su garin tuwo da mai da za su shiga ruwa da shi, bisa sharaɗin cewa shi za a kawo wa kamu. Wannan ubangida yana da ranarsa: idan ciwo ya zo ko koma ta yage, shi ake nufa. Amma wanda ake bin sa bashi ba ya ja-in-ja a ciniki. Farashin da ubangida ya faɗa shi ne farashi, ko da wani na gefe ya taya fiye da haka. Ga kuma rashin labari. Ɗan kasuwa ya san yadda kwali ya kwana a Maiduguri da Onitsha, masunci kuwa sai abin da aka gaya masa, ko da yake wayar salula ta rage wannan duhun a inda akwai sabis.

Kasuwar da ba ta aiki da sikeli

Ba a cika auna banda da kilo ba. A sari kwali ake tayawa, kuma kwali suna ya tara: akwai babba, akwai ƙarami, akwai wanda aka danna, akwai wanda aka jera manya a sama aka ɓoye ƙanana a ƙasa. Gwanin saye yana duba nau'in kifin, girmansa, yadda ya bushe, launinsa, da ko ƙwari sun fara ci. A wajen mai kasawa kuwa kashi-kashi ake yi. Idan kaya ya yi tsada ba lallai ya ƙara kuɗi ba, sai ya rage ƙwara ɗaya daga kashin, ko ya daina gyara.

Kuɗin hanya

Daga Baga zuwa Maiduguri kusan kilomita 200 ne, daga nan zuwa kudu tafiyar kwanaki ce. Kowane kwali yana ɗauke da kuɗin 'yan dako, kuɗin mota, harajin kasuwa, kuɗin ƙungiya, da abin da ake miƙawa a shingaye. Rikicin Boko Haram ya ninka wannan nauyi. Bayan harin da aka kai Baga a Janairun 2015 garin ya watse, an shafe shekaru ana taƙaita safarar kifi a Borno, haka ma a jihar Diffa ta Nijar an hana kamun kifi da cinikinsa a shekarar 2015. Kifin da ya fito sai ya bi zagaye mai nisa, kuma a wasu sassan tafkin masu ɗauke da makamai na karɓar haraji kafin a jefa koma. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya taɓa injin jirgi da motar lodi a lokaci guda. Faɗuwar naira kuma ta sa kifin da aka sayo da sefa a ɓangaren Chadi da Kamaru ya ƙara tsada tun kafin ya tsallako iyaka.

Lokacin araha da lokacin tsada

Kogin Shari da Logon ne ke kawo mafi yawan ruwan tafkin, kuma cikarsa kan zo ne da sanyi, bayan damina ta wuce. Idan ruwa ya fara ja kifi ya taru a mashigai, kamu ya yi yawa, farashi ya sauka. Da damina hanyoyi na ɓaci, banda na jan danshi. A kudu buƙata kan tashi gab da Kirsimeti.

Shin mai kasawa ne ke cin riba?

Shi ake gani, shi ake yi wa faɗa, amma shi ma ba mai iya jira ba ne. Ya sari kwali bai ga cikinsa duka ba. Wani kifin ya karye ya zama gari, wani ƙwari sun cinye, kuma dole kuɗin waɗannan ya fito daga masu kyau. Bai isa ya tsawwala ba, domin ga kifin ƙanƙara na waje da tarwaɗar kiwo a teburin maƙwabcinsa. Tsoron asarar nan ne ke kai wasu ga fesa wa banda maganin ƙwari na gona, abin da ba shi da uzuri ko kaɗan, don guba ce ake kai wa cikin mutane. Wanda ke da sito da jari, mai iya riƙe kwalaye har kasuwa ta tashi, shi ne ke da babban rabo.

Ina gyara yake?

Ƙayyade farashi daga ofis ba zai yi aiki a kan kayan da ba a aunawa ba. Abin da zai ƙara wa masunci kuɗi kuma ya rage wa uwargida tsada shi ne a ba shi ikon jira: murhun banda mai cin itace kaɗan, wurin ajiya, rance marar ɗaure wuya ta hannun ƙungiyoyin masunta, da ma'auni guda na kwali da kowa ya amince da shi. Gwamnatocin Borno da Diffa da Hukumar Tafkin Chadi, wadda ke nan tun 1964, su fara da tsaron ruwan da rage shingayen da ke kan hanyar kifi.