Daidaita Agogon Kwamfuta ta Hanyar NTP: Misali Daga Birnin Doha

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda tsarin NTP yake daidaita agogon kwamfutoci, da kuma zaton da lissafinsa ya dogara a kai.

1.0 Gabatarwa

Kowace kwamfuta tana ƙirga lokaci ne da bugun wani ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u da ke cikinta, wanda zafi da sanyi suke sauya saurinsa. Kuskuren kashi 10 cikin miliyan kan kai kusan sakan guda a kwana. A birni irin Doha, inda Filin Jirgin Sama na Hamad da Kasuwar Hannun Jari ta Katar suke aiki da ɗimbin kwamfutoci, saɓanin agogo yana iya birkita jerin abin da ya riga wani faruwa. Tsarin tantance masu shiga na Kerberos ma, a bisa saitinsa na asali, yakan ƙi kwamfutar da agogonta ya kauce da fiye da minti 5.

2.0 Asali da Matakai

David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka shi ne ya ƙirƙiro NTP, aka wallafa ƙa'idojinsa a 1985, zubi na huɗu kuma a 2010. Tsarin hawa-hawa ne. A ƙololuwa akwai agogon atom da na'urorin karɓar saƙon GPS. Sabar da ke haɗe da su kai tsaye ita ce mataki na 1, mai karɓa daga gare ta mataki na 2, har zuwa na 15. Lokacin duniya na UTC kaɗai ake rabawa. Kwamfutar Doha ce take ƙara awa 3 da kanta, ta Kano kuma awa 1.

3.0 Lissafin Jinkiri

Matsalar ita ce amsar saba takan tsufa a hanya. Don haka ake rubuta lokuta huɗu. A ɗauka kwamfuta a Doha ta aika tambaya a milisakan 0 bisa agogonta, sabar ta karɓa a 70 ta amsa a 72 bisa nata, amsar ta iso a 42. Tafiya da dawowa sun ci 40, wato 42 a cire 2 da sabar ta riƙe saƙon. Idan zuwa ya ci 20, ashe agogon Doha yana baya da 50. NTP yakan gyara ƙaramin saɓani irin wannan sannu a hankali, ta ƙara wa agogon sauri ko rage shi.

4.0 Kammalawa

Lissafin ya ginu ne a kan zaton cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. Idan hanyoyin suka bambanta, rabin bambancin yakan zama kuskuren da kwamfutar ba ta gani. Shi ya sa ake son saba ta kusa, a kuma tambayi aƙalla huɗu, domin a ware wadda ta kauce.