Iyaye da ɗaliban Amurka da ke tare wa masu ɗaukar soja hanya

Tun shekarar 1973 da Amurka ta daina tilasta wa samari shiga soja, rundunonin ƙasar sun dogara ne ga waɗanda suka kawo kansu. Don haka aka ware dubban sojoji da ba su da wani aiki sai nemo matasa, kowanne da adadin da aka ɗora masa ya kawo. Babu inda matasa ke taruwa kullum kamar makarantar sakandare, can kuwa masu ɗaukar sojan suka fi kafa teburansu, suna raba riguna da alƙaluma, suna karɓar lambobin waya. Doka ta yarda yaro mai shekara 17 ya sa hannu idan iyayensa sun amince, alhali bai kai shekarun jefa ƙuri'a ba.

Ƙorafin masu adawa da wannan tsari ya fi karkata ga yadda ake jan ra'ayin yaran. Ana nuna musu kuɗin karatun jami'a, da koyon sana'a, da yawon duniya, a taƙaita zancen yaƙi. Takardar da matashi ke sa wa hannu kuwa tana ɗaure shi shekara 8, wasu a bakin aiki wasu a jiran kira, kuma a cikinta an rubuta cewa albashi da alawus da nauyin da ke kansa za su iya canzawa ba tare da an sanar da shi ba. Alkawarin baki, in bai shiga takarda ba, ba ya ɗaure rundunar da komai. 'Ya'yan marasa ƙarfi, waɗanda kuɗin jami'a ya fi ƙarfin gidajensu, su ne wannan tayi ya fi kamawa, shi ya sa masu fafutuka ke cewa talauci ya maye gurbin tsohuwar dokar tilas.

A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan wata babbar dokar ilimi. A sashe na 9528 an wajabta wa duk makarantar sakandare da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta miƙa wa masu ɗaukar soja sunayen ɗalibai da adireshinsu da lambobin wayarsu. Dokar ta ba iyaye damar hana a ba da sunan ɗansu idan sun nemi hakan a rubuce, amma iyaye da yawa ba su san da wannan dama ba sai da waya ta fara kaɗawa a gidajensu. Ga kuma jarrabawar ASVAB ta ma'aikatar tsaro, da ake yi wa ɗalibai da sunan taimaka musu zaɓen sana'a, sakamakonta kan wuce kai tsaye hannun masu ɗaukar soja.

Adawar ta girmi wannan doka. Tun 1984 aka kafa ƙungiyar Project YANO a San Diego ta jihar Kalifoniya, inda tsofaffin sojoji ke shiga azuzuwa suna faɗa wa ɗalibai abin da suka gani da idonsu, suna nuna musu wasu hanyoyin samun kuɗin karatu. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa makarantar da ta bari aka buga tallan soja a jaridar ɗalibai ba ta da ikon hana masu adawa buga nasu. Amma yaƙin Iraƙi ne ya faɗaɗa lamarin. A 2004 ƙungiyoyi da dama suka haɗu a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna NNOMY. Fernando Suárez del Solar, ɗan asalin Meziko wanda ɗansa Jesús ya mutu a Iraƙi a watan Maris na 2003, ya riƙa bin makarantun da 'ya'yan baƙin haure suka fi yawa yana roƙon su su yi karatu tukuna. Maganar uban da ya binne ɗansa tana shiga kunnen da takarda ba ta shiga.

Shekarar 2005 ta tabbatar da cewa ƙorafin ba ƙage ba ne. Wani ɗalibi mai shekara 17 a jihar Kolorado, David McSwane, da ke rubutu a jaridar makarantarsu, ya je ofishin ɗaukar soja ya ce ya bar karatu kuma yana shan ƙwaya. Maimakon a sallame shi, sai aka nuna masa yadda zai samu takardar shaidar kammala sakandare ta bogi, da yadda zai tsallake gwajin ƙwaya. Ya naɗi muryoyinsu, labari ya bazu, har rundunar sojan ƙasa ta dakatar da ɗaukar soja na yini guda, ranar 20 ga Mayu, don sake wa jami'anta horo. A shekarar rundunar ta kasa cika adadin mutum 80,000 da ta sa wa kanta. Rahoton ofishin binciken gwamnati na majalisar dokoki da ya fito a 2006 ya nuna cewa zarge-zargen saɓa ƙa'ida sun tashi daga kusan 4,400 zuwa 6,600 cikin shekara guda. Mafi muni, binciken kamfanin dillancin labarai na AP a shekarar ya gano 'yan mata fiye da 100 da masu ɗaukar soja suka ci zarafinsu a 2005, kuma da yawansu a makaranta aka fara haɗuwa da su.

A kotu dai daga baya masu fafutukar sun sha kaye. A 2006 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon gwamnati na janye tallafi daga jami'ar da ta hana masu ɗaukar soja shiga. Garuruwan Arcata da Eureka na Kalifoniya sun kaɗa ƙuri'a a 2008 suka haramta neman yara 'yan ƙasa da shekara 18, kotun tarayya ta soke matakin. Nasarorinsu ƙanana ne, amma sun ɗore. Iyaye da ɗalibai sun tsaya a ƙofofin makarantu suna raba takardar cire suna, sun matsa wa hukumomin ilimi su saka ta cikin takardun rajista, su kuma ƙayyade yawan ziyarar masu ɗaukar soja. A 2009 ɗaliban San Diego suka sa aka rufe wuraren koyon harbi na shirin JROTC, wato horon soja na 'yan sakandare, a makarantun birnin. A 2010 Maryland ta zama jiha ta farko da ta hana makarantu miƙa sakamakon ASVAB ba da izinin ɗalibi ko iyayensa ba.

Masu kare tsarin suna cewa aikin soja halal ne, ya fitar da mutane da yawa daga talauci, kuma ƙasar da ba ta tilasta wa kowa dole ta nemi masu shiga. Akwai gaskiya a nan, kuma yawancin masu fafutukar ba su musa ba, tunda da yawansu sun sa kaki. Abin da suka dage a kai shi ne a faɗa wa yaro gaskiya duka, ya karanta takarda tare da babba kafin ya sa hannu, a kuma daina ba da sunansa iyayensa ba su sani ba. Wannan buƙata ba ta wuce kima ba, domin yardar da aka samu ta hanyar ɓoye rabin magana ba yarda ba ce.

Har yanzu da sauran aiki. Neman matasa ya kuma shiga wasannin kwamfuta da shafukan intanet irin su Twitch, inda babu malami ko uwa a kusa. A ƙarshen 2022 jaridar New York Times ta gano dubban ɗalibai da aka saka cikin JROTC ba da zaɓinsu ba, galibi a makarantun unguwannin talakawa. Dokar ilimi ta 2015 da ta maye gurbin ta 2002 ta bar tanadin miƙa sunayen ɗalibai a cikinta, kuma yana aiki har yau.